A juye faya-fayan gida tun ana samun abin karanta su

Bayan da aka gama kai amfanin gona gida a bana, na je ganin dangi a ƙauyenmu da ke arewa da Bichi, a wannan yanki da ba ka iya tafiyar kiran salla ba tare da ka ratsa ta ƙofar wani gida ko ta gefen wata gona ba. Da dare, muna zaune a tsakar gida, sai yayana ya jawo wata adakar ƙarfe daga ƙarƙashin gado, cike da faya-fayai, wasu a cikin leda, wasu tsirara, yana neman na walimar saukar Alƙur'anin babban ɗansa, domin a cikinsa ne kaɗai aka ɗauki mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana addu'a da muryarsa. Faifan dai an same shi, amma na'urar gidan ta ƙi buɗe baki, ta maƙwabci an sayar wa 'yan gwangwan tun bara, sai a gida na huɗu aka aro wata. Da aka sa, hoto ya fito ya ɗan yi tafiya, sa'an nan ya tsaya cik, fuskokin mutane suka farfashe kamar an jefa dutse a madubi. Yaya ya dube ni ya ce, "To, kai da ka yi boko, haka za mu zuba ido?" Na ce, "Yaya, a ba ni shi in tafi da shi birni, a jarraba."

Wanda bai ga zamanin faifai ba zai yi mamakin saurin zuwansa da saurin gushewarsa. A 1990 ne ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, kuma ba a daɗe da shiga wannan ƙarni ba faifai ya kori kaset, har Ƙofar Wambai ta zama dandalin da dillalai ke sarar fina-finai da wa'azi da waƙoƙi suna bazuwa da su kasuwannin Dambatta da Kunchi da Tsanyawa da Makoɗa. Kowane biki da suna da sauka sai an ɗauko mai kyamara, bayan mako guda ya kawo faifai da sunan amarya a rubuce a bayansa. Daga baya memori da wayar hannu suka yi wa faifai abin da shi ya yi wa kaset. Tun 2008 kamfanin Apple ya fitar da kwamfutar cinya wadda ba ta da gurbin faifai, sauran kamfanoni suka bi sawu sannu a hankali, kuma a farkon 2025 Sony, wanda da shi da Philips ne suka kawo CD duniya a 1982, ya daina yin faifan Blu-ray da ake ɗauka a kansa. Idan maƙeran abu da kansu suka fara kashe wuta, mai hankali ya san kwanakin samun kayan gyaransa ƙidayayyu ne.

Gafalar da ta fi yi mana illa ita ce zaton cewa faifai, da yake ba shi da zare irin na kaset kuma gara ba ta cinsa, zai dawwama. Haƙiƙa faifai iri biyu ne: akwai wanda aka buga a masana'anta da hatimi, wannan yana da ƙarko, akwai kuma wanda ake sayowa babu komai a kai a ɗora masa abu a shago, wanda rubutunsa a kan wani siririn rini yake, rinin kuwa zafi da hasken rana da laima suna cinsa kamar yadda wanki ke kashe shuni. Mafi yawan abin da ke cikin adakokinmu, musamman na biki da na wa'azin malaman gari, na biyun ne, alhali kuwa an ajiye shi a ƙarƙashin rufin kwano a ƙasar da zafin bazara kan haura digiri 40, damina ta zo da raɓa, hunturu ya biyo da ƙurar da ke shiga ko'ina. Wani abin da mutane ba su lura da shi ba, a faifan CD rubutun yana dab da bayan da ake rubuta suna ne, saboda haka karcewar da aka yi da bakin biro a baya ta fi wadda ke fuskar mai ƙyalli haɗari.

Magabatanmu sun san wannan mas'ala tun kafin a san lantarki. Da mahaddata masu yawa suka yi shahada a yaƙin Yamama, Sayyidina Abubakar ya umarci Zaidu ɗan Sabit ya tattara Alƙur'ani a rubuce, a zamanin Sayyidina Usmanu kuma aka juya shi aka aika manyan birane. Ba ina kwatanta faifan biki da Littafin Allah ba ne, wa'iyazu billahi, darasin kawai nake ɗauka. Haka littattafan Shehu Usmanu da Abdullahi da Bello suka iso gare mu, domin takardar da suka rubuta da hannunsu ba kowace ce ta tsira ba, almajirai ne suka yi ta juyawa daga gafaka zuwa gafaka, kowane ya gama ya yi muƙabala, wato ya zauna da wani ɗaya na karanta asali ɗaya na bin juyi, don kada harafi ya faɗi. Abin da ba a juya ba, wuta ko ruwa ko gara sun riga sun yi masa hukunci.

Alƙalamin wannan juyi a yau wata 'yar na'ura ce mai faɗin tafin hannu biyu, wadda ake jona wa kwamfuta ta kafar USB, ta karanta faifan CD da DVD, ba ta bukatar wuta sai wadda take sha daga kwamfutar, abin da ya sa ta dace da garin da sola ce fitilarsa. Ana samunta wajen masu kayan kwamfuta a birnin Kano, kuma kuɗinta bai kai na buhun takin zamani ba. Shawarata ga mai saye ita ce ya tafi da faifansa guda biyu, mai lafiya da mai ciwo, a jarraba a gabansa kafin ya biya, ya tabbata bakin wayarta ya dace da kwamfutar da za a yi aikin da ita, kada kuma a ruɗe shi da mai karanta Blu-ray mai tsada, domin da wuya a sami irin wannan faifai a adakar ƙauye. Kafin a sa faifai a goge shi da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba a kewaye ba. CD yana ɗaukar megabait 700, DVD gigabait 4.7, don haka rumbun ajiya na terabait ɗaya zai haɗiye DVD wajen 200, ko CD fiye da 1,400, wato adakar unguwa guda.

A nan ne nake ganin ba lalle kowane gida ya sayi tasa ba. Aiki ne da gida ɗaya zai gama a mako guda, daga nan na'urar ta zauna ƙura na cin idonta. Mutanen da suka saba gayya a gona da karo-karon gyaran famfon burtsatse ba za su kasa haɗa kuɗin na'ura ɗaya ba, a damƙa ta amana ga malamin makaranta ko wani matashi mai kwamfuta, ta riƙa zagaya gida-gida kamar sikelin awo.

Sai kuma tartibi, domin ɗan Adam yakan fara da abin da ya fi so, ya bar abin da ya fi bukata. Tafsirin Malam Ja'afar Mahmud Adam, wanda aka kashe a masallacin Ɗorayi a watan Afrilun 2007, yana hannun dubban mutane, haka waƙoƙin Shata da barkwancin Ibro. Ko faifanka ya mutu, za ka samu a wayar yaron maƙwabta. Amma karatun Ashafa da limamin garinku ya yi a watan azumi kafin rasuwarsa, da kiɗan gangar noma na gayyar da aka daina, da fuskar kakar da ta zo kamun amarya, waɗannan faifai ɗaya suke da shi a duniya, kuma shi ne wanda ya fi saurin lalacewa. Da su ya wajaba a fara, sauran kuwa idan lokaci ya rage.

Wani zai ce, me ya hana a kwashi adakar a kai wa masu tura fina-finai a kasuwa? Amsata, faifan biki akwai matan aure a ciki suna rawa a tsakar gidansu, suna zaton ba mai ganinsu sai 'yan'uwa, kuma abin da ya shiga kwamfutar shago ba ka da ikon sanin wayoyi nawa zai kwana a ciki. A yi juyin a gida, mai faifai yana zaune, a kuma share daga kwamfutar da aka ara. Haka nan fim ɗin da wani ya zuba dukiyarsa ya shirya, juya shi don sayarwa cin haƙƙi ne, kuma satar fasaha tana cikin abubuwan da suka durƙusar da kasuwar faifan tun farko.

Kada kuma wanda ya juye zuwa memori ya ce ya huta. Memori da filash na jabu sun cika kasuwa, suna nuna girman da ba su da shi, na gaskiyar ma idan ya shekara da shekaru ba a jona shi ba, musamman a zafi, yana iya zubar da abin da ke cikinsa, rumbun kwamfuta kuwa faɗuwa ɗaya kan kashe shi. Manomin da ke rataye irin gero a ɗaki ya kuma bar wani damin a rumbu ya fi mu fahimtar wannan. A yi juyi biyu, ɗaya a gida, ɗaya wajen ɗan'uwa a wani gari, a buɗe kowanne a kalla daga farko har ƙarshe, wannan ita ce muƙabalar, a rubuta sunan taro da shekara da mutanen da ke ciki tun masu gane su suna raye, faifan asali kuma a mayar da shi jakarsa a wuri mai sanyi.

Faifan Yaya na jarraba shi a na'ura uku cikin kwana biyu, na tsirar da minti 11 na farko, inda ake shimfiɗa tabarmi ana raba waina. Addu'ar Baba tana can gaba, a wurin da rinin ya riga ya ƙone.