FILIN MATA: Dandalin Da Ba Shi Da Edita

Na so a ce yau maganar shanya tumatir da tattasai za mu yi, tun da ga shi sun yi araha, amma wata takarda ta zo mini daga wata 'yar makarantar sakandare. Na karanta ta sau biyu, na ga tumatir ya iya jira.

Yarinyar nan ta ce babanta yana da tashar rediyon da ya ke saurare, kawunta kuma yana da tasa. Abu guda zai faru da safe, da dare kowa ya zo da labarinsa dabam, har ka rantse ba gari ɗaya su ke ba. In ta ari wayar yayarta ta leƙa Facebook ko TikTok, nan kuma sai ta tarar da labari na uku, ga zagi a kai kamar ruwan sama. Abin da ya fi damunta kuwa, tun zaɓen 2023 innarta da goggonta ba su ga maciji da juna. Ta ƙare da cewa, ina ma gwamnati ta rufe dandalin nan duka, kowa ya huta?

To, 'yata, kafin in ba ki amsa bari in tona asirin kaina tukuna, don kada ki zaci mai ba ki shawarar ba ta taɓa tuntuɓe ba.

Mu 14 ne mu ke adashi a unguwarmu. Muna da zaure a WhatsApp inda a ke sanar da ranar zubi da ranar kwasa, da biki, da suna, da wanda ba shi da lafiya. Shekara da shekaru ba a taɓa jin kanmu ba. Ana saura 'yan kwanaki a yi zaɓen gwamna na watan Maris 2023, sai wata ta turo mini bidiyo. Samari ne da gorori da adduna suna fafarar mutane, an rubuta a ƙasa wai 'yan jam'iyya kaza ne, yau ɗin nan, a unguwa kaza. Jam'iyyar kuwa ba tawa ba ce. Ko hannuna ban tsane daga wanke-wanke ba na tura shi zauren adashi, har da ƙarin gishirina, na ce, "Ga mutanenku nan."

Maƙwabciyata tana cikin zauren. Shekara 19 katanga ɗaya ce ta raba mu, Yaya na ke ce mata, ita ta yi mini wankan jegon autana. Ɗanta na fari kuwa yana cikin samarin da ke yi wa wannan jam'iyya hidima, na kuma san haka sarai. Ta gani, ba ta ce uffan ba, sai ta fita daga zauren. Da dare ɗana ya karɓi wayar ya duba, ya ce, "Umma, ai bidiyon nan ya daɗe yana yawo, tun ina aji uku na gan shi. Ba ma a jihar nan aka ɗauke shi ba, dubi lambar motocin." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma girman kai, rawanin tsiya, ya hana ni taka ƙofar gidanta. Haka muka yi wata 7. 'Yarta ta haihu, aka yi suna, ni sai guɗa na ji ta kan katanga.

Kada ki ɗauka wayar hannu ce ta kawo mana wannan cuta. Kakata ta sha ba mu labarin zamanin NEPU da NPC. An kafa NEPU a Kano cikin 1950, ta zama jam'iyyar Malam Aminu Kano, ita kuwa NPC ta Sardauna ce. Ta ce ta ga wa da ƙane sun gina katanga a tsakiyar gidan gado, ta ga an fasa baiko saboda uban yaro ɗan Sawaba ne. Jaridun zamanin ma kowace da inda ta karkata. West African Pilot, wadda aka fara a 1937, ta Azikiwe ce, bakinsa ta ke yi. Nigerian Tribune kuwa, a Ibadan Awolowo ya kafa ta cikin 1949, nasa bakin ta ke yi. Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka soma bugawa a Zariya cikin 1939 Malam Abubakar Imam yana Edita, da kuɗin hukuma a ke buga ta, 'yan NEPU kuwa sun sha kukan ba ta yi musu adalci. Wanda ya biya kuɗin kiɗa, ai da sunansa a ke wasa ganga. Sojojin bakan da babanki da kawunki su ke saurare da dare ma haka ne, yawancinsu fili aka saya musu, kowa yana kare ubangidansa.

Amma akwai bambanci guda, shi ne kuwa na ke so ki riƙe. Jarida, komai son kanta, tana da Edita, an san sunansa, an san ofishinsa. In ya buga ƙarya a kanki, kina iya rubuta masa takarda ya janye, in ya ƙi ku haɗu a gaban alƙali. Saboda haka tilas ya yi tunani kafin ya buga. Dandalin waya fa? Muryar nan da a ke turowa, wadda ke farawa da "Jama'a, ku yaɗa wannan saƙo," ba suna, ba gari, ba rana. Wa za ki kama? Wace ce a cikinmu ta manta da daren gishiri, cikin Agusta 2014, sa'ad da aka yi ta tashin mutane da asuba wai su yi wanka da ruwan gishiri su sha, maganin Ebola? Yanzu muna dariya, amma har rayuka an rasa, wasu kuma suka kwana asibiti. A Filato kuwa, cikin Yuni 2018, an yaɗa hotunan gawarwaki a Facebook ana cewa ga abin da ƙabila kaza ta yi wa ƙabila kaza. Daga baya binciken BBC ya nuna wasu hotunan ba ma a Nijeriya aka ɗauke su ba, 'yan sanda kuma suka ce sun taimaka wajen hura wutar ramuwar gayya.

In haka ne, me ya hana a rufe? Ai an taɓa gwadawa, 'yata, kina firamare. Ran 4 ga Yuni 2021 gwamnatin marigayi Shugaba Buhari ta sanar ta dakatar da Twitter, kwana biyu bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaban, inda ya tuna wa masu ta da ƙayar baya a Kudu maso Gabas abin da ya faru a yaƙin basasa. Ba a buɗe ba sai ran 13 ga Janairu 2022. Masu zagi da masu ƙarya ba su fasa ba, sai suka bi ta ƙofar baya da wata dabara da a ke kira VPN, wasu kuma suka koma Facebook da WhatsApp. Waɗanda suka ji jiki su ne masu tallan atamfa da turare da takalma, mata da yawa a cikinsu, da aka rufe musu shago ba su ci ba, ba su sha ba. A Yuli 2022 kotun ECOWAS ta yanke hukunci cewa rufewar ba bisa doka aka yi ta ba. Ki kuma yi wannan tunani. Makullin da kika danƙa wa mai mulki yau don ya kulle bakin wanda ba kya so, gobe in mulki ya juya, a hannun wa zai kasance?

Mu mata kuwa mu ne ya kamata mu fi kowa tsoron makullin nan. A zaɓen 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, matan Arewa suna gida. Sai a 1976 aka yarda mana, a 1979 muka fara zaɓen shugaban ƙasa. Hajiya Gambo Sawaba sau nawa aka ɗaure ta a gidan yari, laifinta ba wani ba ne illa ta tsaya a bainar jama'a ta yi magana. Yau ga mace tana cikin ɗakinta, goyo a bayanta, ta ɗauki hoton rijiyar burtsatsen unguwarsu da ta lalace, ko ajin da yara ke zaune a ƙasa, kafin la'asar labari ya kai kunnen shugaban ƙaramar hukuma. Ba ta nemi iznin Edita ba, ba ta sayi fili a rediyo ba. Ni dai ba zan sa hannu a ƙwace mana wannan ba.

Turawan Amurka, da su ne suka ƙera abin, sun gwada kullewa sun gwada buɗewa. A Janairu 2021, bayan magoya bayan Trump sun kutsa cikin ginin majalisa, Twitter ta rufe shafinsa. Wasu suka ce madalla, wasu suka ce an toshe musu baki. A Oktoba 2022 attajirin nan Elon Musk ya saye kamfanin a kan dala biliyan 44, ya ce zai bar kowa ya faɗi ransa, ya mayar wa Trump shafinsa, a 2023 kuma ya sake wa dandalin suna zuwa X. Sai masu murnar jiya suka koma kuka, da yawa suka kwashe kayansu suka ƙaura wasu dandalin. Kowa ya tafi inda 'yan'uwansa su ke, yana ta magana ana gyaɗa masa kai. Manyan gidajen talabijin nasu ma ba su tsira ba, don a Afrilu 2023 Fox News ta yarda ta biya fiye da dala miliyan 787 ga wani kamfanin na'urar zaɓe, saboda ƙaryar maguɗi da aka yi ta yaɗawa a tasharta game da zaɓen 2020.

Akwai kuma wani sirri da ya kamata ku sani, ku matan gida. An ce ba mai tace labari a dandalin nan, amma akwai mai zaɓa miki. Ku tuna da dillaliya mai wayo. In ta lura kin sayi jan zane sau biyu, ba za ta ƙara kwance miki shuɗi ba, ja za ta yi ta kawowa, har ki zaci kasuwa ba a saƙa wani launi. Haka na'urar da ke cikin dandalin ta ke yi. Tana ƙidaya abin da kika tsaya kika kalla, ta ƙaro miki irinsa, domin gwargwadon daɗewarki, gwargwadon kuɗin tallan da kamfani zai samu. Abin da ya fi tsayar da mutum kuwa shi ne abin da ya ɓata masa rai. Ni ma ai ba don bidiyon nan ya burge ni na tura shi ba, don ya yi daidai da abin da zuciyata ke so ne.

Watau aikin da Edita ya ke yi a ofishinsa, yanzu ya faɗo kanki, ke mai riƙe da waya. Kafin ki tura abu, ki tambayi kanki wa ya faɗa, a ina, yaushe. In ba amsa, bar shi ya mutu a hannunki. In labari ya yi miki daɗi ƙwarai a kan waɗanda ba kya so, nan ne za ki fi tuhumarsa, ki bar shi ya kwana tukuna. Ke kuma 'yata, tun da Allah Ya ba ki tasha biyu a gida ɗaya, ai kin yi sa'a. Saurari ta babanki, saurari ta kawunki. Inda suka haɗu, da wuya a ce ƙarya ne. Inda suka rabu, ki lura da abin da kowace ta tsallake ba ta faɗa ba, don sau da yawa a nan son kai ya ke ɓuya. Ba laifi ba ne ki riƙe ra'ayinki ki kare shi a ajin muhawara, amma ki iya faɗin hujjar abokiyar gardamarki daidai yadda ita za ta faɗa, har ta ce, "Haka ne, abin da na ke nufi ke nan." In ba ki iya wannan ba, to, ba ki ji ta ba tukuna.

Innarki da goggonki kuwa, ki karanta musu wannan a hankali, da ladabi. Su da a ke faɗan dominsu fa? Kwankwaso da Ganduje gwamna ne da mataimakinsa daga 1999 zuwa 2003, da kuma daga 2011 zuwa 2015, jar hula iri ɗaya su ke sawa, kafin su ɓaɓe. Kwankwaso ya bar PDP ya shiga APC a 2013, ya koma PDP a 2018, ya tafi NNPP a 2022. Atiku ma ya shiga APC a 2014, ya koma PDP a 2017. Su manya suna sake riga in rana ta yi zafi, in 'ya'yansu za su yi aure kuma ka gan su a tabarma ɗaya. Goggo kuwa ba a sake ta.

Ni dai da wata na 7 ya cika na sayi sabulu da 'yar riga ta jinjiri, na ƙulla goro, na yafa mayafi bayan magariba. Na yi sallama, ta amsa da ƙyar. Na durƙusa na ce, "Yaya, na zo neman gafara, bidiyon nan ƙarya ne, ni ce na yi wauta." Ta daɗe ba ta yi magana ba, sa'an nan ta ce, "Ƙanwata, ba bidiyon ne ya ƙona mini rai ba. Yaron nan a gabanki ya girma, tuwonki ya ci. Taku nawa ne daga ƙofarki zuwa tawa, da ba za ki zo ki tambaye ni ba?" Ba ni da ta cewa. Ta miƙo mini jikar na ɗauka.

Har yanzu tana jam'iyyarta, ina tawa, muna kuma yin gardama a tsakar gida muna tsince shinkafa, wani lokaci har murya ta tashi. Ta dawo zauren adashi. Uwar adashi ta kafa doka, duk wadda ta turo labarin da ba ta iya faɗin inda ya fito ba, ita ce ta ƙarshe a kwasa. An riga an kama mutum biyu.

Maganar tumatir kuma sai mako mai zuwa, in bai yi tsada ba.