ƘANANAN JIRAGEN SAMA: ƘORAMAR DA KE CIKA KOGI



Na san abin da za ka ce da ganin kan maganar nan: "Ina ruwan talaka da jirgin sama, mu da ke fafutukar abin sakawa a bakin salati?" Tambayarka tana kan hanya, kuma ba zan kauce mata ba. Amma ka daure mu fara daga tushe, don ka ga inda gizo ke saƙar.

Jirgin sama ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tun cikin 1925 jirage suka fara sauka a Kano. A 1958 aka kafa kamfanin Nigeria Airways, wanda daga baya ya riƙa zirga-zirga da matsakaitan jirage ƙirar Fokker zuwa Kaduna da Jos da Sakkwato da Maiduguri da Yola. Da aka buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa, sai ga su Kabo Air da Okada, daga baya kuma Chanchangi. Shi kuwa kamfanin gwamnati, bashi da almubazzaranci suka ci shi har ya durƙushe a 2003. Tun daga nan harkar ta koma hannun 'yan kasuwa, su kuwa riba suke bi. Ina ribar take? Tana tsakanin Legas da Abuja, sai ɗan abin da ya samu a Kano da Fatakwal. Sauran garuruwa sai abin da aka yaga musu.

LISSAFIN BA WUYA

Wannan lissafi ne da ɗan aji huɗu zai iya yi a kan allo. Jirgi ƙirar Boeing 737 yana ɗaukar mutum wajen 140. Ka ƙaddara gari yana da matafiya 40 a rana. Idan aka tura masa wannan jirgi, kujera 100 za ta tashi ba kowa, alhali kuwa an sha mai, an biya matuƙa, kayan gyara kuma da dala ake sayensu. Wata uku ana haka, sai kamfani ya naɗe tabarmarsa, a ce wai garin ba shi da fasinja. Fasinja kam akwai, jirgin ne ya fi ƙarfin garin.

To, akwai jiragen da aka ƙera domin irin wannan aiki. ATR 42 mai farfela yana ɗaukar kusan mutum 48, ba ya shan mai da yawa a gajeriyar tafiya, ba ya kuma bukatar dogon titin sauka. Embraer 145 kujera 50 gare shi. Mutum 40 ɗin nan da suka zama asara ga babban jirgi, su ne cikar ƙaramin.

Ka dubi kasuwar Dawanau. Tirela ba ta shiga ƙauye neman buhu goma. Akori-kura ce ke bin kasuwannin ƙauye tana tattaro hatsi, ta kawo inda tirela za ta yi lodi. Haka ƙaramin jirgi yake: ya kwaso matafiya daga Dutse ko Jalingo ko Birnin Kebbi da safe, ya sauke su a Kano ko Abuja daidai lokacin tashin babban jirgin Legas ko Jidda. Ƙarami ya ci, babba ya cika. Idan ƙorama ta ƙafe, ai kogi ma sai ya ja baya.

AN GINA TASHA, BA A TANADI MOTA BA

Me shugabanni suka yi? Gine-gine. An buɗe filayen jirgi a Dutse da Birnin Kebbi da Bauchi wajen 2014, ga na Gombe, ga na Jalingo, ga na Damaturu. An zuba dukiyar jama'a mai ɗimbin yawa, amma wasu filayen ba sa rayuwa sosai sai lokacin jigilar alhazai ko ranar da babban baƙo zai zo. Ita kuma Gwamnatin Tarayya ta sanar da kafa Nigeria Air a 2018, aka nuna mana jirgi mai fenti a Abuja cikin watan Mayu na 2023, ba a kuwa ɗauki ko fasinja ɗaya ba. Ana ta mafarkin London, alhali mai son zuwa Maiduguri daga Sakkwato galibi sai ya gangara Abuja ya sake sayen tikiti, in ba haka ba ya kama hanyar mota ta fiye da kilomita 1,000, ga ramuka ga fargabar 'yan bindiga.

Kada wani ya ce maka abin ba ya yiwuwa. A 1978 da Amurka ta sakar wa kamfanonin jirage mara, a cikin dokar nan ta tanadi tallafi don kada a yi watsi da ƙananan garuruwa. Indiya ta fito da shirinta mai suna UDAN a 2016: kamfanoni su yi takarar hanya, a ƙayyade kuɗin wasu kujeru, gwamnati ta cike giɓi. A gida ma, kamfanin Overland ya daɗe yana zuwa garuruwan da manya suka raina da ƙananan jirage, Jihar Akwa Ibom ta fara Ibom Air a 2019, Rano Air kuma ya fara da Embraer 145 a 2023. Gani ya kori ji.

ABIN DA JAM'IYYARMU ZA TA YI

Na ɗaya, ba za mu goyi bayan gina sabon fili ba sai waɗanda ake da su sun samu jirgi a kai a kai.

Na biyu, hanyoyin da ba su kai ga riba ba za a yi tallarsu a fili. Kamfanin da ya nemi tallafi mafi ƙanƙanta shi zai samu, na shekaru ƙayyadaddu, kuma ba a biya sai jirgi ya tashi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Na uku, za a sa kamfanoni su yi yarjejeniya, tikiti ɗaya ya kai mutum daga Jalingo har Legas, kayansa su bi shi ba tare da ya sake layi ba.

Na huɗu, za a rage wa ƙananan jirage kuɗin sauka, a sa na'urorin da ke taimakon sauka cikin hazo, don kada hunturu ya riƙa rufe mana sama kowace shekara.

TO, INA RABON TALAKA?

Gaskiya ne, ba kowa zai hau ba, kuma duk wanda ya ce maka tikitin jirgi zai koma kuɗin mota yaudararka yake yi. Amma ƙwararren likitan da zai zo asibitin jiharku ya yi aiki ya koma a yini ɗaya, wa zai duba in ba kai ba? Malamin da jami'ar jiha ke nema, da mai kuɗin da ke son kafa injin casar shinkafa amma yana tsoron hanya, duk jirgi ke kawo su. Yaranmu da suka gama Kwalejin Horar da Matuƙa Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964, a kan irin waɗannan jirage matuƙi ke samun aikin farko ya tara awoyin tashi. Ga makanikai, ga masu lodi, ga 'yan tasi, ga masu sayar da abinci. Kuma kada ka manta, filin nan da ke zaune ciyawa na cinye shi, da kuɗinka aka gina shi. Ko ka hau ko ba ka hau ba, ka riga ka biya.

Saboda haka, duk ɗan takarar da ya zo ƙofar gidanka da alkawarin katafaren filin jirgi, ka tambaye shi abu uku: wane jirgi ne zai sauka, sau nawa a mako, wa zai biya? In ya fara kame-kame, ka san kwangila yake hange.

Ɗan'uwa, ƙuri'arka ita ce makaminka, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ka adana katinka tun yanzu, ka faɗa wa na gida da maƙwabta. Ranar zaɓe ka fito da wuri, ka dangwala wa jam'iyyarmu, ka tsaya har a ƙirga. Allah ya ba mu sa'a, amin.