Kwanan Gona: Gadon Lilo Ya Fi Tabarma, In An Iya Ɗaura Shi



Kaka ta kama. A nan unguwarmu ta Barunde, in ka fito bayan sallar asuba za ka ga babura da a-kori-kura suna kwasar mutane zuwa gonaki ta wajen Akko, Kwami da Yamaltu Deba. Wasu kan dawo da yamma, da yawa kuwa sai an kammala aiki, domin wanda ya tara masara ko wake a fili ya tafi gida ya yi barci, ya san abin da zai iya tararwa da safe. Shi ya sa magidanta da samari suke kwana uku, wani lokaci mako guda, suna gadi a daji. Shimfiɗar kuwa ka santa: buhu, tabarma, ko ledar shanya a gindin tarin amfani.

Makon jiya wani maƙwabcina ya shigo mini da wani ƙyalle mai igiya a kowane baki, ɗansa ne ya tsinto a kayan gwanjo. Ya ce, "Malam, wannan abin wasan yara ne ko na manya?" Na ce masa gadon lilo ne, ana ɗaure shi tsakanin itatuwa biyu a kwanta, kuma in kwanan gona zai tura yaron, to kada ya bar shi a gida.

Dalilina shi ne abin da ke yawo a ƙasa da dare. Tarin hatsi yana jan ɓera, ɓera kuma yana jan maciji. Jiharmu ba baƙuwa ba ce a wannan sha'ani. Ba banza ba aka yi asibiti guda na saran maciji a Kaltungo, kuma mafi yawan waɗanda ake kaiwa can manoma ne da makiyaya. Kububuwa, wadda ake wa laƙabi da gobe da nisa, tana son fitowa bayan faɗuwar rana. Gamsheƙa kuwa an san ta da saran mutum yana cikin barci. Ga kunama, ga cinnaka, ga raɓa da sanyin ƙasa. Wanda ya ɗaga jikinsa sama ya kauce wa yawancin waɗannan. Ban ce duka ba, domin akwai macijin da ke hawa bishiya, amma haɗarin ya ragu ƙwarai.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Mutanen tsibiran Karebiyan suna kwana a irin wannan gado tun kafin Turawa su isa can a 1492, daga wurinsu ma'aikatan jiragen ruwa suka ɗauka. A Biyetnam da Kambodiya har raba wa masu aikin daji ake yi haɗe da gidan sauro mai magani don yaƙi da zazzaɓin cizon sauro.

Wannan ya kawo mu kan kuskuren da ya fi yawa. Gadon lilo shi kaɗai ba ya hana sauro. Hasali ma bayanka yana manne da ƙyallen, sauro yana iya cizonka ta ƙasa ba tare da ka gan shi ba. Don haka ka zaɓi mai ruɓi biyu, ko ka shimfiɗa bargo a ciki, sannan ka ja wata siririyar igiya ta sama daga wannan itace zuwa wancan, ka rataya gidan sauro a kanta ya lulluɓe gadon gaba ɗaya har ƙarƙashi, ka tattara bakinsa ka ɗaure. Gidan sauron da aka raba maka a asibiti ya wadatar. In sabo ne, ka shanya shi a inuwa kwana guda kafin ka shiga. Kuma in zazzaɓi ya taso bayan mako ɗaya ko biyu da dawowa daga gona, a je a yi gwaji, kada a ce gajiyar aiki ce.

Ba dole sai na gwanjo ba. Tela a Tsohuwar Kasuwa zai ɗinka maka. Ka nemi yadi mai ƙarfi, tsawon kamar mita 3, faɗin mita ɗaya da rabi, a kalmashe bakunan biyu a bi su da ɗinki sau uku, a bar kafar zura igiya. Gajere yana naɗe mutum kamar ayaba, ka tashi da ciwon baya ka ce gadon ne ba shi da kyau. In na gwanjo ka saya, ɗaga shi a rana ka duba. Ƙaramar huda ko wurin da ya koɗe, nan zai yage, kuma ba ya sallama kafin ya yage.

Yanzu sai itace. Nemi guda biyu masu rai, tsakaninsu taku biyar zuwa shida, kowanne kaurinsa ya kai cinyar babban mutum ko ya fi. Ɗorawa, kaɗanya, darbejiya da mangwaro duk suna yi. Tsamiya ma ƙarfi gare ta, sai dai na san akwai waɗanda ko da kuɗi ba za su kwana a gindinta ba, wannan kuma ba fannina ba ne. Zogale da gwanda kada ka fara, karyewa suke. Kafin ka ɗaura komai, ɗaga kai ka duba sama. Busasshen reshe da iska za ta iya kayarwa ya fi duk abin da ke ƙasa haɗari. Duba kuma ko akwai zuma, rina ko layin tururuwa, ka ƙwanƙwasa gindin ka ji ko gara ta cinye cikinsa. Duk wannan aikin rana ne, ba a zaɓen itace da tocila.

Ga wurin da mutane suke faɗuwa, faɗuwa ta gaske. Kowa yana ganin in ya ja igiya ta miƙe tamau kamar ta shanya, gadon zai fi daɗi. Akasin haka ne. Igiyar da ta miƙe sosai nauyin da take ɗauka ninkuwa yake. In ta sauko daga itace a karkace da kimanin digiri 30, kowane ɓangare yana ɗaukar daidai nauyinka, wato mai kilo 70 ya ɗora wa kowace igiya kilo 70. In ka ja ta har ta kusa miƙewa, digiri 5, nauyin ya kusa ninki shida, wajen kilo 400 a kowane gefe. Ba kowace igiyar kasuwa ce za ta jure wannan ba. Hanyar aunawa ba ta buƙatar na'ura: miƙe manuniya a kwance, ka ɗaga babban yatsa tsaye, layin da ya haɗa kan yatsun biyu shi ne kusan karkacewar da ake so. Ɗaura igiyar daidai kanka a jikin itacen, ka bar gadon ya yi ciki, yadda in ka zauna tsakiyarsa zai tsaya daidai gwiwa, kamar kujera. Kada ya wuce haka. In ma an faɗo, a faɗo daga kusa, kuma a share duwatsu da kututture daga ƙarƙashi. Ɗamara mai faɗi irin ta ɗaure kaya a mota ta fi siririyar igiya, ba ta zamewa kuma ba ta yanke ɓawon itace.

Shiga da zama ake yi, ba da ƙafa ba. Zauna a tsakiya, sannan ka ɗago ƙafafu. Kuma kada ka miƙe ɗoɗar daga igiya zuwa igiya; ɗan karkace, kai ya yi wannan gefe ƙafa ta yi wancan, za ka ji bayanka ya kwanta sosai.

Wanda zai kai har hunturu yana gadi ya sani cewa sanyi ta ƙasa yake shigowa, domin iska tana bi ta ƙarƙashinka duk dare. Bargon da ka shimfiɗa a ƙasanka ya fi wanda ka rufa amfani. In da sauran ruwa, ɗaura tamfol a sama, ka ƙulla ɗan tsumma a kowace igiya ya reto, ruwan da ke gangarowa zai bi shi ya ɗiga ƙasa maimakon ya jiƙa ka. In hadari ya haɗu ana walƙiya, bar gindin doguwar bishiyar da ke tsaye ita kaɗai. Kwari da bakin rafi ma ba wurin kwana ba ne, mu mutanen Gombe mun san yadda ruwa yake zuwa daga inda ba a yi shi ba.

Sauka ita ce lokacin da kariyar take ƙarewa. Ajiye tocila a jikinka, haska ƙasa kafin ka sa ƙafa, ko da fitsari ne za ka yi kusa. Rataye takalmi a sama, ka zazzage shi da safe. In ƙaddara ta faɗa maciji ya yi sara, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau. A cire zobe ko agogo, a hana wurin motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti nan take. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, mutum yana iya jin sauƙi a farko alhali aikin yana gudana a ciki, saboda haka ba a jira a ga yadda za ta kaya. Tun kafin a tafi gona a san wanda ke da babur kusa, kuma a bar waya da caji.

Na san gadon zai dawo gida bayan kaka, yara kuma za su gan shi. A lokacin zafi, Maris da Afrilu, za a so a rataya shi a tsakar gida. Kada a ɗaura shi a ginshiƙin bulo, ko katanga, ko ƙarfen taga. An gina su ne don nauyin da ke dannowa daga sama, ba mai ja ta gefe ba, kuma ginshiƙi in ya faɗo kan wanda ke kwance yake faɗowa. Jariri kuwa ba a kwantar da shi a ciki ko kaɗan, domin haɓarsa na iya danne ƙirji ko fuskarsa ta nutse a ƙyalle numfashi ya tsaya. Ƙananan yara su hau a gaban babba, in an gama a kwance a naɗe igiyar a ajiye inda hannunsu ba zai kai ba.

Maƙwabcin nawa dai mun gwada nasa a darbejiyar ƙofar gida. Ƙyallen lafiya lau, igiyar ce ta ruɓe, sai da muka sake wata.