"Ba ni ja da baƙi na ɗari biyu"

A kemis ɗin unguwa ba kasafai ake kiran magani da sunansa ba. "Malam, ba ni ja da baƙi na ɗari biyu." "A ba ni Flagyl, yaro ke zawo." Mai kemis ya yanko ƙwaya huɗu da almakashi, ya ƙulle a leda, an gama ganin likita ke nan.

Da yawa kan ce jahilci ne. Ban yarda ba. Magidancin da ke tura baro a Kasuwar Singa ya san asibiti ya fi, amma ya san lissafi: kuɗin mota, kuɗin kati, kuɗin gwaji, ga layi tun asuba har azahar, ranar kuma babu cefane. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun mara lafiya suke fitowa, duk da dokar 2022 da ta wajabta inshorar lafiya. Mai kemis kuwa maƙwabci ne, yana kaiwa dare, yana ba da bashi. Matar da ciwon sanyi ya dama, kunya ta hana ta yi wa likita namiji bayani, sai ta aiki yaro da kwalin maganin da ya yi wa ƙawarta aiki.

Sannan ga dace mai yaudara. Antibayotik, irin su ja da baƙin nan, ba ya taɓa ƙwayar cutar da ke kawo mura, da kanta take tafiya bayan kwanaki. Wanda ya sha kafso ya warke sai ya ce kafson ne, gobe ya koya wa wani.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne ɓarnar ba ta tsayawa kan mai sha. Tun 1945 Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin, ya yi gargaɗin cewa shan abin da bai kai ƙima ba yana koya wa ƙwayoyin cuta jure wa magani. Waɗanda suka tsira su ke yaɗuwa, su kama jaririn maƙwabta ko mai jego, a yi ta allura ba ta ci. Binciken da mujallar Lancet ta buga ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 wannan matsala ta kashe a 2019, kuma yammacin Afirka ne ya fi ko'ina yawan mace-macen in an gwada da yawan jama'a.

Laifin mai sayarwa ya fi na mai saye, domin shi ya san lasisinsa bai ba shi damar sayar da waɗannan magunguna haka kawai ba, ya kuma san ƙwaya huɗu ba magani ba ce. Hukumar NAFDAC da majalisar masu harhaɗa magunguna suna rufe shaguna, kuma ya kamata. Amma muddin ƙaramin asibitin unguwa yana kulle da yamma, ko a buɗe ba ma'aikaci ba magani, uwar da ɗanta ke zazzaɓi da dare za ta nemi wani kemis ɗin a layi na gaba.