Shin kamfani na da ikon hana tsohon ma'aikacinsa aiki a wani wuri?

A watan Satumban 2025 ne hukumar kula da harkokin ciniki ta Amurka, wato FTC, ta janye ƙarar da ta ɗaukaka domin kare wata ƙa'ida da ta kafa, wadda za ta haramta wa kamfanoni ɗaure ma'aikatansu da sharaɗin kada su koma wurin abokan hamayya.

Wannan sharaɗi akan saka shi ne cikin takardar ɗaukar aiki, inda ma'aikaci zai amince cewa idan ya bar kamfanin, ba zai yi wa wani mai irin sana'ar aiki ba, ba kuma zai buɗe nasa ba, har zuwa wani lokaci.

Akwai kuma wani sharaɗin mai sauƙi, wanda ke barin mutum ya yi aiki inda ya ga dama, amma ya hana shi zawarcin abokan cinikin tsohon kamfaninsa ko janye ma'aikatansa.

Yadda ƙa'idar ta rushe

A watan Afrilun 2024, ƙarƙashin shugabancin Lina Khan, hukumar ta amince da haramcin da ƙuri'u uku, biyu kuma suka ƙi. Ta ƙiyasta cewa sharaɗin ya shafi ma'aikata kimanin miliyan 30, wato kusan ɗaya cikin kowane biyar a ƙasar.

Sai dai kafin ƙa'idar ta fara aiki, mai shari'a Ada Brown ta wata kotun tarayya a jihar Texas ta soke ta a watan Agustan 2024, tana mai cewa hukumar ta wuce gona da iri, domin majalisar dokoki ba ta ba ta wannan hurumi ba.

Kamfanoni dai na cewa suna kashe kuɗi wajen horar da ma'aikaci, su kuma buɗe masa sirrinsu, don haka bai dace ya kwashi wannan ya kai wa abokin hamayya ba.

Masu sukar sharaɗin kuwa na ganin yana danne albashi, tunda wanda ba shi da damar tafiya ba shi da bakin neman ƙari. Sukan ba da misali da kamfanin sayar da abinci na Jimmy John's, wanda ya ɗora wa ƙananan ma'aikatansa sharaɗin na shekara biyu, kafin ya amince ya daina a 2016.

Kowace jiha da nata

Rushewar ƙa'idar ta mayar da batun hannun jihohi, inda kowane tsuntsu ke kukan gidansu. Kalifoniya ta haramta sharaɗin tun 1872, Minnesota ta bi sahu a 2023, yayin da Florida ta yi doka a 2025 da ta amince da shi har tsawon shekara huɗu ga masu babban albashi.

A yawancin sauran jihohin, kotuna kan duba ko akwai wata halattacciyar maslaha da kamfanin ke karewa, da tsawon lokacin hanin, da kuma faɗin yankin da ya shafa. Wannan ne ya sa sharaɗin hana zawarcin abokan ciniki ya fi samun karɓuwa a kotu, domin bai toshe wa mutum hanyar cin abinci ba.

Jamus ta bi wata hanyar: hanin ba ya wuce shekara biyu, kuma dole kamfani ya riƙa biyan tsohon ma'aikacin aƙalla rabin albashinsa a tsawon lokacin. A Najeriya ma, dokar gasar kasuwanci da kare masu sayayya ta 2018 ta ƙayyade irin wannan hani da shekara biyu.

Babbar matsalar ita ce, ko da sharaɗin ba zai tsaya a gaban alƙali ba, ƙaramin ma'aikaci ba kasafai yake da kuɗin ɗaukar lauya ba. Wasiƙar gargaɗi ɗaya daga tsohon kamfaninsa kan isa ta sa ya haƙura da sabon aikin, ko kuma sabon kamfanin ya fasa ɗaukarsa.