Sharhi: In ciwo ya taso tsakanin ƙwaya da ƙwaya

Ƴan uwa ƴan kasuwa maza da mata, akwai tambayar da masu saurare ke yawan yi mana a gidan rediyo. Ana jinyar tsohuwa mai ciwon kansa, likita ya ɗora ta bisa morfin mai dogon aiki, ƙwaya da safe, ƙwaya da dare. Rana tsaka an tashe ta za a yi mata wanka, sai ciwo ya keto kamar an soka wuƙa. Nan take gida ya ruɗe, a ce magani jabu ne, an yi asarar jikkuna.

Ba jabu ba ne. An ƙera wannan ƙwaya don ta riƙa narkewa sannu sannu har awa 12, ta danne ciwon yau da kullum. Amma akwai wani ciwon mai tasowa ba sallama, da motsi ko tari, ko ma haka kawai. Cikin mintuna yake kai maƙura, galibi ya lafa wajen rabin awa. Ƙwaya mai tafiyar hawainiya ba ta cim masa. Shi ya sa likitoci ke haɗawa da morfin mai saurin aiki, wanda ke kamawa cikin minti 20 zuwa 30, a sha in ciwon ya taso, ko kafin wanka.

Abin da ke tsorata mu shi ne dabarun gida. Wata ta daka ƙwayar awa 12 ta zuba a kunu wai ta yi sauri. To, maganin awa 12 ya shiga jini lokaci guda ke nan, numfashi na iya tsayawa. Wani ya ninka. Wani kuma ya leƙa wurin mai tallar magani a tire, ya sayo tramol mai lamba 225 da ya kwan biyu cikin rana. Mun san maƙwabcin rumfa ne, yana ba da bashi, amma tramol bisa morfin barci ne mai nauyi, har da farfaɗiya.

Likitocinmu ma da nasu. Duk wanda ya rubuta ordinans ta mai dogon aiki, ya rubuta na ɗauki tare, ya yi bayani da Hausa. Muna kuma kira ga ma'aikatar lafiya ta tabbatar akwai shi a farmasin Maraɗi, Damagaram da Tawa, kar sai an biya mota zuwa Yamai.

Ke mai jinya, kin iya littafin bashi, to buɗe wa ciwon shafi: ƙarfe nawa ya taso, me take yi, minti nawa ya ɗauka. In ya wuce sau 3 ko 4 a yini, ko kullum sai gab da lokacin ƙwaya ta gaba, a koma wa likita da shafin, shi zai gyara awo. In kuwa ta ƙi farkawa, numfashi ya yi ƙasa, a rufe rumfa a nemi mota nan take.