Kada A Ba Shi Kunu A Kwance

Mutanen Kontagora mazauna Ikko da Badun sukan aika da kuɗin magani idan ɓarin jikin tsohonsu ya shanye aka kwantar da shi a asibiti. Madalla. Amma sau da yawa ciwon huhu ne ke ƙarasa shi. Shanyewar jiki takan raunana haɗiya. 'Yan'uwa su ɗura masa kunu yana kwance, ya ƙware, kunun ya gangara huhu. Tsofaffi da masu suma su suka fi shiga haɗari.

Saboda haka lalle mai aika kuɗi ya haɗa da saƙo: kada a ba shi ko ruwa sai likita ya gwada haɗiyarsa. In an yarda, a zaunar da shi, a riƙa wanke masa baki. Rigakafi ya fi magani.